Muhimmancin Siffa a Aikin Asibiti: Gyaran Lotsattsen Ƙirji da Tsarin Ƙwayar Magani

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)

 

Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar ba ni wannan dama. An umurce ni da in yi magana a kan harkar lafiya, ganin cewa babban aikin da ƙungiya ta sa a gaba bana shi ne gyaran ɗakin shan magani na makaranta. Na zaɓi abubuwa biyu waɗanda mai sauraro zai ce babu abin da ya haɗa su, wato aikin tiyatar gyaran ƙirjin da ya lotsa ciki, da kuma yadda sinadarin magani yake daskarewa cikin siffofi daban-daban. Abin da ya haɗa su shi ne siffa. Ta farko siffa ce da ido ke gani amma ake raina ta, a ce ai halitta ce kawai. Ta biyu kuwa ido ba ya ganinta sam, shi ya sa ma yawancinmu ba mu san da ita ba. A duka biyun, idan siffa ta sauya, aiki ma yakan sauya, kuma duka biyun suna da wurin zama a ɗakin da muke shirin gyarawa.

LOTSEWAR ƘIRJI

A tsakiyar ƙirjin kowannenmu akwai ƙashi mai faɗi wanda haƙarƙari ke haɗuwa da shi daga dama da hagu. Abin da ke haɗa su guringuntsi ne, irin wanda muke taunawa a awazar rago. A jikin wasu yara wannan guringuntsi yakan yi girman da bai daidaita ba, sai ya tura ƙashin tsakiya baya, ƙirji ya yi rami kamar ƙoƙo. Idan kun ga an rubuta "pectus excavatum" a katin asibiti, to wannan lalura ake nufi, da harshen Latin. Ita ce ta fi yawa a cikin duk lalurorin siffar ƙirji da ake haihuwar yara da su. Ƙididdigar Turai da Amurka ta nuna ana samun kamar yaro 1 cikin 300 zuwa 400, kuma maza sun fi zuwa asibiti da ita. An fi ganinta a jikin Turawa fiye da baƙar fata, amma mu ma muna da ita.

Sau da yawa ramin ƙarami ne a lokacin yarinta, sai yaro ya fara tsawon balaga sannan ya zurfafa. Kun ga ke nan shekarun sakandare su ne shekarun da abin ke bayyana. Wasu iyaye sukan ɗora laifin a kan goyo, ko riƙon ungozoma, ko faɗuwar da yaro ya taɓa yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kawo ta. Abin da aka tabbatar shi ne takan bi dangi, kuma wani lokaci takan zo tare da karkatar ƙashin baya, ko da wata lalura ta gado da ake kira cutar Marfan. Mai wannan cuta yakan yi tsawo ƙwarai, da dogayen hannuwa da yatsu, da matsalar ido, kuma babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciyarsa tana iya buɗewa har ta kai ga fashewa. Saboda haka dogon yaro siriri mai lotsattsen ƙirji ya kamata a duba zuciyarsa, ko da bai koka da komai ba.

Ya kamata kuma a bambanta wannan lalura da laushin ƙashi na ƙananan yara, wanda ke kawo gwame ko ƙafar baka, wani lokaci har ya turo ƙirji gaba kamar na tantabara. Binciken da aka yi a Jos, wanda aka buga a shekarar 1999, ya nuna cewa a ƙasarmu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban sanadin wannan. Maganinsa kalsiyam ne da bitamin D da gyaran abinci, kamar nono da madara da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya. Ba a fara kai irin wannan yaro ɗakin tiyata.

ILLARTA GA JIKI

Zuciya tana zaune ne daidai bayan ƙashin tsakiya. Idan ramin ya yi zurfi sai ƙashin ya danne ɓangaren damanta, ya kuma ture ta hagu, ta kasa cika da jini yadda ya kamata a lokacin da jiki ke bukatar ƙarin jini. Yaron yana zaune lafiya ƙalau, amma da an fita gudun safe ko ƙwallo sai ya riga kowa gajiya, ya yi ta haki, ko ya ji zuciyarsa na bugawa da ƙarfi, ko ƙirjinsa na ciwo. Malamin wasanni ya ce rago ne, sajan ɗaki ya ba shi gwale-gwale.

Akwai kuma illar da ba ta fitowa a hoton asibiti. Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana ya san yadda laƙabi yake kama mutum, har ya tsufa da shi. Yaro mai irin wannan ƙirji yakan daina cire riga a gaban mutane, ya riƙa wanka kafin asuba, ya riƙa tafiya a duƙe don ya ɓoye abin. Ƙannena ɗalibai, wannan magana taku ce: wanda kuke yi wa dariya bai zaɓi ƙirjinsa ba, kamar yadda ku ma ba ku zaɓi naku ba.

Likitoci suna da ma'aunin da suke gane tsananin abin. A shekarar 1987 wani likitan tiyatar yara a asibitin Johns Hopkins na Amurka, mai suna Alex Haller, shi da abokan aikinsa suka fito da lissafi mai sauƙi. Ana ɗaukar hoton ƙirji da na'urar siti-sikan, a auna faɗinsa daga dama zuwa hagu, a raba da tazarar da ke tsakanin ƙashin tsakiya da ƙashin baya. Alal misali, faɗi santimita 26 da tazara santimita 10 zai ba da 2.6, wanda ya yi daidai da na mai lafiya. Idan tazarar ta ragu zuwa santimita 6.5, amsa ta zama 4. Daga 3.25 zuwa sama ne ake fara maganar tiyata, tare da duba sakamakon hoton zuciya da gwajin numfashi da kuma abin da yaron yake ji a jikinsa. Yawancin masu ƙaramin rami ba sa bukatar wuƙa. Motsa jiki da gyaran tsayuwa da bibiya sun ishe su.

HANYOYIN GYARA

Likitocin Jamus ne suka fara gwada wannan aiki a farkon ƙarni na 20, amma hanyar da ta zauna ita ce wadda Mark Ravitch ya bayyana a shekarar 1949. Ana tsaga gaban ƙirji, a cire guringuntsin da ya karkace amma a bar fatar da ke lulluɓe da shi domin sabo ya tsiro a miƙe, sannan a yanka ƙashin tsakiya kaɗan a ɗago shi. Aiki ne babba, yana barin tabo mai tsawo. Daga baya an lura cewa idan aka yi wa ƙaramin yaro sosai, aka kuma cire guringuntsi da yawa, ƙirjin yakan ƙi girma tare da sauran jiki. Har yanzu ana yin wannan aiki, musamman ga manya ko ga wanda ƙirjinsa ya karkace gefe guda.

Hanya ta biyu ta fito ne daga Donald Nuss, likita haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki a asibitin yara na birnin Norfolk a Amurka. Ya lura cewa ƙirjin yaro yana da taushi, kuma ko ƙirjin dattijo yakan sake siffa idan ya daɗe da ciwon huhu. Sai ya ga babu dalilin cire komai. Hausawa sun riga shi faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya fara aikin a 1987, kuma a 1998 ya buga sakamakon yara 42 da ya yi wa cikin shekara 10.

Ga yadda ake yi. Ana lanƙwasa sandar ƙarfe mai faɗi daidai da siffar da ake so ƙirjin ya koma. A yi 'yar tsaga a gefen dama da gefen hagu, a zura ƙaramar kyamara don likita ya ga abin da yake yi, sannan a ratsa da sandar ta bayan ƙashin tsakiya, ta gaban zuciya, bayanta na kallon ciki. Idan ta fito ɗaya gefen sai a juya ta, bayan nata ya komo gaba ya ɗago ƙashin nan take. A ɗaure ta da haƙarƙari don kada ta goce. Wani ana sa masa biyu ko uku. Sandar takan zauna shekara 2 zuwa 3, har ƙirji ya saba da sabuwar siffarsa, sannan a cire ta da ƙaramin aiki. An fi son yi a farkon balaga, kafin ƙashi ya gama ƙwari.

Kada ƙanƙantar tsagar ta ruɗe mu. Aikin yana da zafi ƙwarai a makonnin farko, har a wasu asibitoci yanzu akan daskarar da jijiyoyin haƙarƙari da sanyi na wani lokaci don rage shi. Sandar tana iya gocewa, iska na iya taruwa a gefen huhu, ƙwayoyin cuta na iya shiga, kuma ko da yake ba kasafai ba, ana iya raunata zuciya. Wanda jikinsa ba ya shiri da sinadarin nikel akan sa masa sandar titaniyam. Don haka aiki ne na ƙwararren likitan ƙirji ko na tiyatar yara a babban asibiti.

Akwai kuma hanyar da ba ta wuƙa. Wani injiniya Bajamushe, Eckart Klobe, wanda shi kansa yana da lalurar, ya ƙera wani ƙoƙon roba da ake kifawa a kan ramin a zuƙe iska, ya riƙa jawo ƙashin gaba. Yana taimaka wa yara masu matsakaicin rami idan sun jure sa shi kullum na tsawon watanni masu yawa. Na san wani zai ce ai ƙahon wanzami ke nan. Sun yi kama, amma kada kowa ya kai ɗansa a yi masa ƙaho ko tsaga a ƙirji. Ba za su ɗago ƙashi ba.

SIFFAR DA IDO BA YA GANI

Yanzu bari mu bar ɗakin tiyata mu shiga ɗakin magani, domin ko wanda aka yi wa aikin nan, samun sauƙinsa ya dogara ga ƙwayoyin da za a ba shi. Waɗanda suka yi darasin kimiyya za su tuna ranar da muka narkar da gishiri a ruwa muka bar shi ya bushe, muka ga ya koma 'yan duwatsu masu kusurwa. Wannan shi ake kira kiristal, wato abin da 'yan mitsitsin ƙwayoyinsa suka jeru bisa tsari guda, kamar yadda magini ke jera tubali. Da tubali iri ɗaya magini zai iya yin katanga matsattsiya da ruwa ba ya ci da wuri, zai kuma iya yin sakwa-sakwa. Dutsen daimon da bakin fensir duka sinadarin kabon ne zalla. Jeri ne kaɗai ya bambanta su.

Yawancin magungunan da muke haɗiya kiristal ne da aka niƙa aka dunƙule, kuma da yawansu suna iya daskarewa cikin jeri fiye da ɗaya. Muhimmancin wannan shi ne, magani ba ya shiga jini sai ya narke a ciki. Jerin da ya fi matsewa ya fi wuyar narkewa, kuma a bisa ɗabi'a sakakken jeri yakan so komawa matsattse, musamman idan ya sami zafi ko laima. Farasitamol ɗin da kowa ya sani ma yana da siffa fiye da ɗaya.

Zan kawo misalai huɗu. Na farko kuloramfenikol na ruwa da aka daɗe ana ba yara don zazzaɓin taifot. A shekarar 1967 aka nuna cewa nau'in da ake sa wa a wannan ruwa yana da siffar A da siffar B, kuma B ce ke shiga jini sosai, A kuwa kusan wucewa take yi. Daga nan aka kafa ƙa'ida cewa A kada ta wuce kashi 10 cikin 100.

Na biyu mebendazol, maganin tsutsar ciki da ake raba wa ɗalibai. Yana da siffa uku, A da B da C. Siffar C ake so. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Tailan ya nuna cewa siffar A ba ta fi ƙwayar da babu magani a cikinta kashe tsutsa ba, kuma zafi da laima suna iya mayar da C ta koma A.

Na uku kabamazafin, maganin farfaɗiya. Idan ƙwayar ta sha laima sai ruwa ya shiga cikin jerin, ta taurare, ta rage narkewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gano cewa ƙwayar da aka ajiye a wuri mai laima tana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Ga mai farfaɗiya, wannan na nufin ciwon ya tashi alhali bai tsallake shan magani ko sau ɗaya ba.

Na huɗu shi ne wanda ya girgiza masana'antun magani. A 1996 kamfanin Abbott ya fito da ritonabir, maganin cutar ƙanjamau, a lokacin siffa ɗaya tak aka san shi da ita. A tsakiyar 1998 sai wasu kafso suka fara faɗuwa gwajin narkewa. Da aka duba, sai aka ga wata sabuwar siffa ta ɓullo, wadda ta fi ta farko matsewa da wuyar narkewa. Abin mamaki, duk inda ƙurarta ta shiga sai ta zama iri, tsohuwar siffar ta ƙi samuwa. Har masana'antar da ke Italiya ta kamu bayan masu bincike sun ziyarce ta. Dole aka janye kafson, marasa lafiya suka koma shan na ruwa mai mugun ɗanɗano, sai a 1999 aka fito da sabon kafso mai bukatar firiji. A ƙarshe masana suka gano hanyar narkar da maganin cikin wani sinadari mai kama da ƙaro, ya daskare ba tare da jeri ba. Ta haka aka sami ƙwayar lofinabir da ritonabir mai jure zafi a 2005, wadda ta yi wa ƙasashen Afirka amfani ƙwarai saboda ba ta bukatar firiji.

Wannan ilimi kuma akan yi amfani da shi da gangan. Allurar insulin mai hazo-hazo da masu ciwon sukari ke yi, an mai da ita 'yan ƙananan kiristal ne domin ta riƙa narkewa a hankali ta daɗe tana aiki. Shi ya sa ake murza kwalbar a tafin hannu kafin a zuƙa, kuma ba a barinta ta yi ƙanƙara.

Darasin dai shi ne, kama da wane ba ta wane. Ƙwaya biyu suna iya zama launi ɗaya, suna ɗaya, nauyin sinadari ɗaya, amma ɗaya ta yi aiki ɗaya ta wuce. Yawancin kwalayen magani an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali a Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, balle a cikin shago mai rufin kwano, ko a kan tiren mai talla a tasha. Da damina ta sauka kuma sai laima ta karɓa.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Ranku ya daɗe, bisa ga abin da ya gabata ina ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, a gyaran ɗakin shan magani a fara da ma'ajiya kafin fenti. A yi mata silin da tagogin shan iska, a ɗaga kabad daga ƙasa, a nisanta shi da bangon da rana ke duka, a rataye ma'aunin zafi a riƙa rubuta abin da ya nuna kullum. Idan hali ya yi, a sa firiji mai amfani da hasken rana.

Na biyu, a sayi magani daga hannun mai lasisi, mai lambar rajistar hukumar NAFDAC, kuma a saye shi kaɗan-kaɗan gwargwadon bukatar zango guda. Kada a ɓare ƙwaya daga ledarta sai lokacin sha. Wadda ta sauya launi, ko ta dunƙule, ko ruwan da ya yi gudaji, a kawar da shi ko da wa'adinsa bai cika ba. Masu niyyar kawo gudummawar magunguna su tuntuɓi 'yan'uwanmu masu ilimin haɗa magani tukuna.

Na uku, mu likitoci da ma'aikatan jinya na wannan ƙungiya mu ware rana guda a farkon kowace shekarar karatu mu duba sababbin ɗalibai, a keɓe, cikin sirri da mutunci, mata su duba mata. Duban ƙirji da ƙashin baya ba ya cin minti biyu. Wanda aka ga yana bukata a rubuta masa takarda zuwa asibitin koyarwa, a kuma zauna da iyayensa a yi musu bayani.

Na huɗu, malaman wasanni da masu kula da ɗakunan kwana su riƙa tura yaron da ke yawan haki zuwa ɗakin magani kafin a yanke masa hukuncin ragwanci.

Na biyar, ƙungiya ta buɗe ɗan asusu na kuɗin mota da kuɗin hoton asibiti ga ɗaliban da iyayensu ba su da hali, domin sau da yawa a nan tafiyar take tsayawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMMALAWA

Wannan makaranta ta ba mu ilimin da muke ci da shi a yau, kuma mafi ƙarancin sakayya shi ne mu tabbatar cewa yaron da ya shigo ta bayanmu an dube shi da idon basira, kuma maganin da aka miƙa masa yana nan da ƙarfinsa. Ku kuma ƙannena masu sha'awar kimiyya, ku riƙe darasin lissafi da na sinadarai da kyau, domin ƙasar nan tana da ƙarancin likitocin tiyatar ƙirji da masana haɗa magunguna, kuma daga cikinku za su fito in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.